Bargon da Lidiya Ta Ɗinka wa Jatau

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Inna Lidiya, a layin da ke gangarowa daga kasuwar Dogon Dutsi. Ni gyaran rediyo da wayoyin hannu nake yi, ita kuma ɗinki. Sunana Abdulmajid, kuma tun ina ƙarami aka san ni da son jin ƙwaƙwaf, har mahaifiyata kan ce da an ba ni kunne na uku da ban mayar ba. To Allah ya ba ni sana'ar da ta dace da ni, sannan ya ajiye ni kusa da matar da ba ta son magana. Duk abin da na sani game da ita tsintarsa na yi kaɗan-kaɗan, wani daga bakinta, wani daga bakin masu kawo ɗinki, wani kuma ta tsagar bangon da ke tsakaninmu, wadda ban taɓa ganin dalilin liƙe ta ba.

A unguwar da ke kusa da mishan aka haife ta. Mahaifinta Iliya kafinta ne, shi ya yi bencinan majami'arsu, kuma shi ya samo mata tsohon keken ɗinki mai tafiya da ƙafa tun kafin ta yi aure. Mijinta Christian direban babbar mota ne, yana ɗaukar wake zuwa bakin iyaka, a kan hanya kuma ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Salomé, wadda yanzu take aikin jinya a Dosso. Da wannan keken ta ciyar da ita, da shi ta sa ta lakwal, wato makarantar boko. An sha ba ta shawara ta sayi mai lantarki, sai ta ce ita ba ta son keken da zai tsaya duk lokacin da wuta ta ga dama ta tafi. Kullum za ka gan ta da farin kallabi, wankakke fes. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce da fari ta yi makokin mijinta, kanta kuma ya saba.

Abin da ya fitar da ita daban a cikin teloli shi ne cika alkawari. Kowa ya san halin tela, in ya ce gobe sai ka tambaye shi goben wace shekara. Ita kuwa in ta ce Talata, to Talata. Wannan hali ne ya jawo mata 'yan siyasa, domin su ba sa tuna ɗinki sai taro ya matso. A shekarun da nake ba da labarinsu, kafin a rufe jam'iyyu, kowace jam'iyya tana da atamfarta mai tambarinta, kuma ba a taro sai mata sun fito da anko. Ba zan kama sunan kowa ba, ina da iyali. Bari in laƙaba musu sunayen kaina: masu mulki na kira su 'yan Rumbu, manyan 'yan adawa 'yan Tulu, sai wata ƙaramar jam'iyya, 'yan Fitila, waɗanda ba sa magana sai sun ji inda iska ta nufa. Shugabar matan Rumbu a garinmu ita ce Hajiya Zalihatu, ta Tulu kuma Hajiya Mubaraka. Ba sa ga-maciji da juna, amma telarsu ɗaya, kuma Inna Lidiya ta ƙware wajen ba su ranakun karɓar kaya da ba za su haɗu ba.

Duk ƙyallen da ya rage daga yanka, cikin wani buhu take jefa shi a bayan ƙofa. In aiki ya yi sauƙi sai ta zazzage buhun, ta harhaɗa ƙyallayen, ta yi musu shafi biyu, su zama bargo. Rumbu kusa da Tulu, Tulu a kan Fitila, wani tambarin a kife, wani an yanke masa rabi. Na taɓa tsokanarta na ce ita kaɗai ce ta iya sasanta 'yan siyasar ƙasar nan, ta ce in kama gabana, rediyon mutane na jirana.

Ba sayar da bargunan take yi ba. Yawancinsu rugage suke tafiya, ta hannun Ajuma. Ajuma Bafillata ce mai kawo nono kasuwa, kuma ƙawancensu ya girmi shagona. Lokacin da Salomé tana jaririya ruwan nonon Lidiya ya ɗauke, Ajuma ce, tana amarya a lokacin, take kawo mata madarar safe tun da ɗuminta, kafin ta shiga kasuwa. Tun daga nan inuwar shagon Lidiya ta zama masaukinta. A nan take sauke ƙwarya, a nan take dama fura, a nan take sallar azahar a kan tabarmar da Lidiya ta ajiye mata musamman. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne suna iya wuni tare ba su yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ni kuwa da na kasa kunne don in ji sirri, ƙarar keke kawai nake sha.

Mijin Ajuma shi ne Jatau, dogo, fari, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "shi" ko "mai gida". Yakan biyo in ya kawo dabba kasuwa, ya ba ni wata ƙaramar rediyonsa da ta sha ɗauri da roba in duba. Labarai ba su dame shi ba, waƙa yake nema da sanarwar inda ake rigakafin shanu. Na taɓa tambayarsa wace jam'iyya yake yi, ya yi dariya ya ce shi duk wanda ya gyara rijiya nasa ne, kuma har yanzu yana jira. Bargon da ya fi kowanne girma shi Lidiya ta ɗinka wa, saboda tsawonsa. Da ɗari ya shigo, da shi yake yafa in zai kai shanu ruwa.

A wata safiya ta lokacin ɗari, ranar kasuwar wani ƙauye arewa da Matankari, wanda zan kira Tungar Gawo, 'yan bindiga suka shigo a kan babura. Sun yi harbi a bakin kasuwa da bakin rijiya, suka ƙona abin da suka ƙona, suka tafi. Jatau yana bakin rijiyar yana shayar da shanu. Da mutanen ƙauyen suka fito daga maɓoya, sai suka jera gawawwakin a ƙarƙashin itace, suka rufe kowa da abin da ya samu. Shi da bargonsa aka rufe shi. Wani ya ɗauki hoto, kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya a Dogon Dutsi.

A wayar wani da ya kawo gyara na fara ganinsa. Na gane bargon nan take, sai na zagaya shagon Inna Lidiya. Ta karɓi wayar, ta duba, ta miƙo mini. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta rufe keke da zane, abin da ba ta yi sai ranar Lahadi, ta tafi gida.

Washegari sanarwoyi suka fara. Mai gyaran rediyo ba shi da hanyar guje musu, duk wadda na gyara sai na kunna ta in gwada, don haka kowace sanarwa na ji ta har na kusa haddacewa. 'Yan Rumbu suka yi tir da harin, suka ce gwamnati a tsaye take, suka yi kira da a haɗa kai, sannan suka ce cikin mamatan har da wani jajirtaccen ɗan jam'iyyarsu wanda ya mutu da tambarinsu a jikinsa. 'Yan Tulu suka yi tir da harin, suka ce sakacin gwamnati ne, sannan suka ce su aka nufa, ga shaida nan a hoto, militan ɗinsu, wato ɗan jam'iyyarsu, ne kwance. 'Yan Fitila suka yi shiru na yini guda, sannan suka ce su ma sun yi rashi. Na sake buɗe hoton na ƙara girmansa. Gaskiya ne, wajen kai rumbu ne, wajen ƙirji tulu, can wajen ƙafa ga rabin fitila. Kowa ya ga nasa ya tsaya a nan.

Abin ya ɗaure mini kai, domin mutanen nan duk sun san yadda atamfar jam'iyya take yawo. Kyauta ake raba ta, ana goyo da ita, ana tace koko da ita, na taɓa ganin jaki da ita a ƙarƙashin akumari. Amma a ranar duk suka manta.

Ɗinkin Lidiya ba ɓoyayye ba ne a garin nan, don haka ba a jima ba aka gane hannun wa ne. Hajiya Zalihatu ce ta fara zuwa. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta zagaya ta zagaya, sannan ta ce abin da take so ƙarami ne: in 'yan jarida sun zo, Lidiya ta ce marigayin da bakinsa ya nemi a sa masa rumbu a wajen kai. Ina jin su ta tsagar bango.

"Don ɗari na ɗunka mai shi, Hajiya," in ji Lidiya. "Bai ce a sa mai komi ba."

Hajiya Mubaraka ta zo da tata buƙatar, ta koma da wannan amsar. Kowaccensu kafin ta fita sai da ta yi alkawarin cewa jam'iyyarta za ta je ta'aziyya da buhunan hatsi, kuma za ta ɗauki nauyin iyalin.

Iyalin kuwa sun riga sun baro can. Bayan jana'iza, Yusuf, ƙanin Jatau, ya kwaso Ajuma da yaran zuwa rugarsa da ke bayan dutsen garinmu, tafiyar da ba ta gajiyar da jaki. A nan ta zauna makoki, tana jiran mutanen garin da suka sha nononta shekara da shekaru.

Kafin buhunan su tashi, wata magana ta tashi. Shanun Jatau sun watse da jin harbi, daga baya suka koma ruga da ƙafarsu, kamar yadda shanu ke yi. Sai wani a wata majalisar shayi ya tambaya: me ya sa ba a kora shanunsa ba? Wani ya ƙara da cewa me Bafillace yake yi a bakin rijiya daidai wannan lokaci, kamar akwai wani wurin da makiyayi zai kasance da safe. Kafin maganar ta ƙetare kasuwa ta zama labari cikakke: shi ya nuna musu hanya, suka kashe shi don kada ya tona. Na bi diddigin maganar iya ƙoƙarina, kowa na tambaya sai ya ce a bakin wani ya ji. Ban samu mutum ɗaya da ya ga wani abu ba.

Rediyoyina suka canza waƙa. 'Yan Rumbu suka ce bincike ya nuna mutumin ba nasu ba ne, kuma duk mai ido ya ga tulu a ƙirjinsa, ya kamata 'yan adawa su bayyana wa 'yan ƙasa alaƙarsu da irin waɗannan mutane. 'Yan Tulu suka ce rumbu ne a kansa, kuma 'yan Rumbu ne suka fara cewa nasu ne, suna da muryar a ajiye. 'Yan Fitila suka ce dama su ta'aziyyar dukan mamata suka yi, ba su ware kowa ba. Hajiyoyin suka dawo shagon, kowace a ranarta, wannan karon suna son Lidiya ta shaida cewa ƙyallen abokiyar gaba ya fi yawa a bargon. Ta ba su amsar da ta ba su da farko, ba ta ƙara ba ta rage ba.

A nan ne raina ya ɓaci sosai. Mutumin da a farkon mako jam'iyyu uku ke rububinsa, kafin mako ya ƙare ba shi da ko mai yi masa addu'a. In ban da Lidiya, ba wanda ya taka zuwa rugar Yusuf daga cikin gari. Matan rugar da suka kawo nono kasuwa suka koma da ƙoransu cike, wata ma an zubar mata da nata. Yusuf ya biyo shagona cajin waya, idanunsa jajir, ya ce mini sun fara ɗaure kaya. In aka yi sadakar bakwai ba wanda ya zo, za su kora shanu su ƙetara wajen dangi a Kebbi, domin garin da ya ƙi yi maka gaisuwar mutuwa ya riga ya faɗa maka abin da yake shirin yi maka. Ya ce Ajuma ba ta son tafiya, kabarin mijinta yana nan, kuma in suka tafi kowa zai ce gudu suka yi, maganar ta tabbata a kan 'ya'yan Jatau har abada.

Lidiya ta ji wannan, domin tsagar bangon ta kowane ɓangare take aiki. Ita ta riga ta je rugar tun ranar da suka iso, kuma tana komawa kowace yamma. Amma ta san zuwanta bai isa ba. Ƙaninta Élisée ma ya zo ya yi mata faɗa a hankali, ya ce su Kiristoci da ba su da yawa a garin bai kamata su sa kansu a bakin mutane ba. Ta saurare shi har ya gama, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ana cikin haka aka sanar cewa manyan baƙi za su zo daga Yamai da Dosso don ta'aziyyar mutanen Tungar Gawo, kuma a Dogon Dutsi za a yi taron. Kowace jam'iyya ta ɗaura aniyar nuna cewa ita ta fi jin zafin rashin, wato ita ta fi yawan mata masu anko. Turamen atamfa suka fara sauka a shagon Lidiya. Na ɗauka za ta mayar musu da kayansu, har na gyara zama don in ji yadda za ta yi. Sai na ji ta karɓa, ta auna kowa, ta yi alkawarin jajibirin taro. Jajibirin kuwa ya zo daidai da ranar sadakar bakwai. Ban lura da haka ba sai daga baya.

Ta yanka kayan duka a shagon, ta yadda ba mai iya ɗauka ya kai wa wani tela. Sannan da sassafe na ji jaki a ƙofa. Na leƙo na ga ana ɗora keken ɗinki a amalanke, da ƙullin kayan Rumbu da na Tulu da na Fitila, da buhun ƙyallaye a sama. Ta kulle shago, ta juyo gare ni.

"Abdu, duk wadda taz zo neman kayanta, ka ce mata ina rugar Yusuhu. Can ni ka aiki."

Na ce, "Inna, ai ba za su je ba."

"Kai dai hwaɗa musu," ta ce, ta hau amalanken.

Ban taɓa jin daɗin isar da saƙo kamar wannan ba. Hajiyoyin sun turo direbobi, na faɗa musu. Direbobin suka je suka dawo hannu wofi, domin Lidiya ta ce ba ta ba da riga sai mai ita ta gwada, haka take aikinta tun da can, kuma kowa ya san haka ne. Sun kira ta a waya, wayar tana shagona tana caji. Ranar bakwai na rufe nawa shagon na bi sawu, na ce wa kaina gaisuwa za ni, kuma gaskiya ne, amma ba zan ɓoye cewa ina son ganin yadda za ta kaya ba.

Na tarar da rugar shiru. Maza kaɗan a kan tabarmi ƙarƙashin wani gawo, da wani tsohon malami na rugar yana jan carbi. Gefe guda ga kaya a ɗaure, ƙore a cikin raga, turmi a kife. A ɓangaren mata Ajuma na zaune a ƙofar bukka ta lulluɓe, kusa da ita kuma Lidiya da kekenta a kan wani faffaɗan katako, tana ta taka shi. Rigunan da ta gama suna rataye a jikin danni, rumbu da tulu da fitila suna kaɗawa tare.

Da hantsi motar Hajiya Zalihatu ta tsaya daga nesa. Ta fito ta tsaya a jikin motar, tana ɗaga hannu. Lidiya ba ta ɗago ba. To a nan Hajiya ta shiga tsaka mai wuya. Ba a ƙwala wa mutum kira daga bakin gidan makoki. Ba a kuma ratsa masu zaman makoki a wuce wajen tela a ce ina rigata, ko mahaukaci ba ya haka a Arewa. Duk wanda ya tako tabarmar, sai ya tuɓe takalmi, ya zauna, ya yi gaisuwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Na ga ta duba hagu da dama, ta gyara mayafi, ta tako a hankali. Ta tuɓe takalman, ta durƙusa gaban Ajuma.

"Ajuma, ya haƙuri?"

"Da godiya, Hajiya."

Sauran maganar kowa ya san ta, ba a tsallake ta. Hajiya ta ce, "Allah shi jiƙan shi, shi gahwarta mai."

Tsohon malamin, da ya ji baƙuwa ta yi gaisuwa, sai ya ɗaga murya ya ce a yi fatiha. Kowa ya ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga. Da aka shafa, na zaci za ta miƙe ta nufi keke, amma ba ta tashi ba. Ajuma ta tura mata ƙwaryar fura kamar yadda ta saba yi a inuwar shago, Hajiya ta kalli ƙwaryar, sai ga hawaye. Daga baya na ji cewa duk cikin da ta yi, furar Ajuma ce kaɗai ke zama mata. Ta sha, ta zauna har rana ta take.

A haka Hajiya Mubaraka ta iso ta same ta. Ta ga motar Rumbu a ruga, ta ga shugabar matansu zaune dirshan tana share ido. Abin da ya zo mata a rai, kamar yadda direbanta ya faɗa mini, shi ne masu mulki sun samu labari daga sama cewa mutumin ba shi da laifi, suna so su riga kowa. Kafin ta tuɓe takalmi sai da ta kira ofishinsu. Mutanen Rumbu kuma da suka ji 'yan Tulu sun nufi ruga da buhuna, suka ce ba za a yi babu su ba. Kafin la'asar tabarmi sun kasa, an aika gari a aro. Mata masu jiran anko suka zo, kowace ta durƙusa ta yi gaisuwa kafin ta gwada riga. Mutanen kasuwa da suka ga motoci na wucewa suka biyo baya, har da wasu da na san da bakinsu aka yaɗa maganar, suna ta cewa dama su ba su taɓa yarda ba. 'Yan Fitila suka iso dab da magariba. Malamin ya yi fatiha har muryarsa ta dushe.

Har yau ina juya abin a raina, ban gama rarrabe wanda ya zo don Allah da wanda ya zo don riga da wanda ya zo don kada a riga shi ba. Na tambayi Inna Lidiya ko ta san haka za ta faru, ta ce ita dai ta san ba ta iya barin Ajuma ita kaɗai, ba ta kuma iya saɓa alkawarin ɗinki, shi ya sa ta haɗa su wuri ɗaya. Ban yarda wannan ne duka ba, amma iyakar abin da na samu ke nan. Sanarwoyin da suka biyo baya kuwa, kowace jam'iyya ta ce ita ce ta fara tsayawa da iyalin a lokacin da wasu ke yaɗa jita-jita. Hajiya Mubaraka ta ɗauke ɗinkinta daga shagon na wani lokaci, da ta gane yadda aka yi, sai da wani tela ya ɓata mata leshi ta dawo.

Washegari da safe, yayin da gari ya tafi filin taro, na koma rugar da mai amalanke don mu ɗauko keken. Kayan Yusuf suna nan a ɗaure yadda suke, bai ce za su tafi ba, bai ce sun fasa ba. Muna shirin ɗaga keken sai Ajuma ta ce a dakata. Ta shiga bukka ta fito da bargon. Mutanen Tungar Gawo ne suka kawo mata shi tare da sandarsa, ta wanke shi da hannunta. Ta shimfiɗa shi a kan katakon, ta sa yatsa a wani wuri wajen kafaɗa, inda ya huje. Na kawar da kaina, domin ban so in ga a kan wane tambari ne ba, kuma har yau ban sani ba.

"Yaya, ki toshe min nan," ta ce. "Amma ki sa wanda ba na kowa ba."

Lidiya ta kwance buhun ƙyallaye ta zazzage shi a kan tabarma. Ta tona, ta baza, ta sake tonawa. Na durƙusa na taya ta. Rumbu, tulu, fitila, da tambarin wasu jam'iyyun da suka daɗe da mutuwa har na manta da su. Duk tarin shekarun nan, ba mu samu ko ƙyalle ɗaya da ba na wata jam'iyya ba.

Lidiya ta dubi tarin. Sannan ta kai hannu ta kwance farin kallabinta, karo na farko da na ga furfurarta, ta ɗauki almakashi ta yanki gefensa. Ba ta hau keke ba, da allura ta yi, a hankali, ciki da waje. Da ta gama ta ciji zaren, ta miƙa.

Ajuma ta shafa wurin da tafin hannunta, ta yafa bargon, ya sauko mata har ƙasa saboda ba don tsawonta aka yi shi ba. Ta juya wajen ƙanin mijinta da ke tsaye kusa da kayan.

"Yusuhu," ta ce, "a kwance turmin nan, yara ba su karya ba."